Sake Rufin Ɗaki: Mu Yi Lissafi Tun Hadari Bai Haɗo Ba

Kowace shekara, daga watan Afrilu zuwa Yuni, wasiƙun da suka fi zuwa mana daga ikkilisiyoyin ƙauye magana ɗaya suke ɗauke da ita: iska ta yaye rufi, a taimaka. Wata shekara mun je duba wani ƙauye bayan ruwan fari. Muka tarar da wata gwauruwa ta shanya masara da littattafan 'ya'yanta a tsakar gida, kwanon ɗakinta kuwa yana can cikin gonar maƙwabci. Ta ce mana ta tara kuɗin kwano tun bara, amma da kafinta ya lissafa mata katako da ƙusa da ladansa, sai ta ga kuɗin bai kai ko'ina ba, ta fasa. Rabin masarar da za ta ci da yaranta har sabuwar kaka ya ruɓe.

Abin da muke da shi na taimako ba zai isa kowane gida ba. Saboda haka muka ga ya kamata mu zauna tare mu yi lissafin abin da sake rufi yake ci, domin kowane mai gida ya shirya da wuri.

Me ya sa kayan rufi suka yi tsada?

Yawancin ƙarfen da ake yin kwano da shi daga ƙasashen waje ake shigo da shi, gama kamfanin ƙarfe na Ajakuta da aka soma ginawa tun 1979 bai tsaya da ƙafarsa ba. Don haka duk lokacin da dala ta hau, kwano ma ya hau. A farkon 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Bayan an saki naira a watan Yuni na wannan shekarar, sai ga ta ta haura naira 1,500 a watan Fabrairu na 2024. A ranar 29 ga Mayu 2023 kuma aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya ninka. Katakon da muke saye a wurare kamar Kasuwar Katako ta Jos, da yawansa daga dazuzzuka masu nisa ake kawo shi, kuɗin motarsa kuwa a kan mai saye yake ƙarewa.

Shi ya sa ba za mu rubuta muku farashi a nan ba, domin kafin wannan takarda ta iso hannunku yana iya canjawa. Abin da ba ya canjawa shi ne yawan kayan da ɗaki yake bukata. Wanda ya san wannan, ba a cika cutarsa a kasuwa ba.

Bari mu ɗauki misali

A ce muna da ciki da falo, kowane ɗaki ƙafa 12 tsawo, ƙafa 12 faɗi, za a yi masa rufi mai gangare biyu.

1. *Kwano.* Falle ɗaya na kwanon da muka saba da shi tsawonsa ƙafa 6 ne, in an ɗora wani bisa wani kuma yakan rufe faɗin ƙafa 2. Bandir ɗaya falle 20 ne. In an haɗa kaurin bango da abin da zai fito waje, tsawon rufin zai kai ƙafa 28, wato falle 14 a jere ɗaya. Kowane gangare yana cin jeri biyu, gangare biyu jeri huɗu ke nan. 14 sau 4 ya ba mu falle 56. Za a sayi bandir 3, sauran falle 4 a yanka a kifa a bisa ƙololuwa inda gangaren biyu suka haɗu.

2. *Katako.* Akan sayar da shi a tsawon ƙafa 12. In za a tsayar da tsaiko kowace ƙafa 4, ana bukatar tsaiko 8, kowanne yana cin katako mai inci 2 da 4, wanda kafintoci ke kira tubaifo, kamar guda 5. Wannan 40 ke nan. A ƙara kamar 7 na shimfiɗawa a bisa bango. Sai ƙananan da ake kafa kwano a kansu, masu inci 2 da 3, kamar guda 24.

3. *Ƙusa.* Iri biyu ne: ta katako, mai inci 3 da mai inci 4, da kuma mai hula ta kwano.

4. *Langalanga ko waya mai kauri,* domin ɗaure tsaiko da bango.

5. *Maganin gara,* da siminti buhu ɗaya ko biyu na gyaran kan bango.

6. *Kuɗin mota* daga kasuwa zuwa ƙauye, da na masu lodi.

7. *Ladan kafinta* da na yaransa, da abincin ma'aikata.

Wannan kimantawa ce, kafinta zai auna ɗakinku ya faɗi ainihin adadi. Amma in ya faɗi abin da ya yi nesa da wannan ƙwarai, a tambaye shi dalili. Ku rubuta waɗannan bakwai a takarda, ku tambayi farashi a shago uku dabam dabam, ku haɗa jimla, sa'an nan ku ƙara kashi ɗaya cikin goma saboda abin da ba a zata ba. Abin da muka gani a wurare da yawa shi ne, kuɗin lamba 2 zuwa 7 yakan kai kuɗin kwanon kansa, wani lokaci ya wuce. Kuskuren da 'yar'uwarmu ta yi ke nan, ba ita kaɗai ba ce kuwa. Silin bai shiga wannan lissafi ba, ana iya barinsa sai wata shekara.

Bayan kun sami jimla, ku raba ta da kuɗin buhun masara na ranar. Manomi ya fi gane nauyin abu in an ce masa buhu kaza ne.

Wane irin rufi?

*Jinka.* Ita ce mafi sauƙin kuɗi, ga sanyi lokacin bazara. Amma tana bukatar baibaya bayan 'yan shekaru, tana tsoron gobara, ciyawar yanta kuma tana ƙara wuyar samu saboda gonaki da ƙunar daji.

*Soro.* Inda ruwa bai cika yawa ba, rufin ƙasa bisa azara yana daɗewa, gama gara ba ta cika cin azarar giginya ba. Sai dai dole a yi masa yaɓe kafin kowace damina, a kuma share indararo.

*Kwano.* Ba duka ne ɗaya ba. Akwai mai kauri, akwai maras kauri wanda yatsa ma yana lotsa shi. A duba lambar kauri da ke jikin bandir, a kuma ɗaga falle ɗaya a ji nauyinsa. Maras kauri yakan yi tsatsa da wuri, yakan kuma yage a bakin ƙusa in iska ta ja shi. Araha ba ta ado.

*Alminiyam.* Ba ya tsatsa, ana yanka shi daidai tsawon rufi, da mita ake sayar da shi. Kuɗinsa ya fi na kwano sosai, shi ya sa aka fi ganinsa a kan majami'u da makarantu.

Ba kullum ne sai an sake duka ba

Kafin a kashe kuɗi, a hau a duba. In ramin ƙusa ne kawai yake yoyo, ana iya toshe shi da kwalta. In falle biyar ne suka ci tsatsa, a canja biyar ɗin. A soki katako da tsinin wuƙa: in ya shiga kamar ana sukar rogo dafaffe, gara ta gama da shi, kada a ɗora masa sabon kwano. A duba bango kuma. Bangon da ya tsage ko ya karkata ba zai riƙe sabon rufi ba, sai a fara gyara shi. Tsohon kwanon da aka sauke kada a yar, zai rufe akurki, turken awaki ko makewayi.

Abin da ke sa iska ta ɗauke rufi

Mutane da yawa suna tsammani iska tura rufi take yi. Ɗaga shi take yi. Takan shiga ta ƙarƙashin bakin kwano ta tura sama, wadda ke wucewa ta bisa kuma tana jansa. Kusurwoyi da baki su ne suka fi shan wahala. Jibga duwatsu da tsofaffin tayoyi a kai ba ya hana wannan, in ma rufin ya tashi duwatsun kan zama haɗari ga mutane. Ga abin da ke taimakawa:

- A ɗaure kowane tsaiko da langalanga wadda ta nutse cikin bango ƙafa 2 ko fiye, kada a tsaya a jerin bulo na sama kaɗai.
- Kada bakin kwano ya fito waje fiye da ƙafa ɗaya da rabi zuwa biyu.
- A kafa ƙusa a kan tudun kwano, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba, a kuma yawaita ta a baki da kusurwoyi.
- Inda falle ya hau kan falle daga sama zuwa ƙasa, a bar aƙalla inci 6.
- Rufi mai gangare huɗu ya fi mai gangare biyu jure iska, ko da yake ya fi cin katako.
- A yi aiki da busasshen katako, a shafe shi da maganin gara ya sha kafin a hau da shi.
- A dasa itatuwa kamar darbejiya da mangwaro ta gefen da hadari ke fitowa, wato gabas a yawancin wurarenmu, amma da ɗan nisa domin kada reshe ya faɗo a kan ɗaki.

Kuɗin langalanga da ƙarin ƙusa bai kai na falle kaɗan ba, amma su ne ke riƙe bandir ukun nan.

Gargaɗi biyu

Wasu tsofaffin gidaje, makarantu da ɗakunan magani suna da rufi ko silin na asbestos, mai launin toka kamar siminti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ƙurarsa tana kawo ciwon huhu da sankara, ciwon kuma yakan ɓoye shekaru masu yawa kafin ya bayyana. In za a sauke shi, a jiƙa shi da ruwa, a rufe hanci da baki, kada a fasa ko a yanka shi da zarto, kada yara su yi wasa da gutsattsarinsa. A binne shi nesa da rijiya.

Na biyu, kada a hau rufi da iska ko da ruwa, a kuma kula da wayar lantarki. Wanda kwano ko tsohuwar ƙusa ta yanka, a wanke ciwon da sabulu a kai shi asibiti a yi masa allurar tetanus.

Ina za a sami kuɗin?

Lokacin aikin rufi shi ne rani, daga Disamba zuwa Maris. Hanya a bushe take, mota za ta shiga ƙauye, kafintoci kuma ba su cika da aiki ba kamar bayan iska ta yi ɓarna. Hukumar NiMet takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, a saurara a rediyo domin a san lokacin da ya rage.

Kada a kwashe rumbu a sayar a tsakiyar kaka sa'ad da hatsi ya fi araha. Wanda ya rufe ɗaki ya rasa abinci a watan Agusta bai ci riba ba. Gara a saya kaɗan kaɗan: bandir ɗaya in an sayar da waken soya, wani in an sayar da akuya ko alade. A ajiye kwanon a cikin ɗaki bisa katako inda laima ba za ta taɓa shi ba. Katako shi ne na ƙarshen saye, domin kada gara ta riga kafinta.

Adashi ma hanya ce. A shekarar 1991 ƙungiyar CARE ta soma wani tsari da matan ƙauye a yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, mai suna Mata Masu Dubara, inda mata ke zuba kuɗi kowane mako a akwati suna ba juna rance. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. Zumuntar Mata ko ƙungiyar matasa na iya yin irinsa. In gida biyar suka haɗa sayayya, za su sami ragi a shago, su kuma biya mota ɗaya maimakon biyar.

Game da kafinta, a nemi wanda aikinsa ya ga damina uku ko huɗu bai motsa ba. A rubuta yarjejeniya a gaban shaidu biyu, a raba ladansa uku: na farawa, na bayan an tsayar da katako, da na bayan an gama an duba. Mai gida ya je kasuwa tare da shi, ya karɓi rasit.

Ribar da ke biyo baya

Rufin misalinmu yana rufe fili kamar murabba'in mita 44. Ruwan sama milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. A wurin da ake samun milimita 1,000 a shekara, rufin nan zai zubo sama da lita 40,000, wato duro 200 mai cin lita 200. Ko kaɗan aka tara daga ciki, mata da yara sun huta da zuwa rafi. A bar ruwan farko ya wanke ƙura tukuna.

Roƙonmu ga dattawa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon dattawan kowace ikkilisiya su zaɓi mutum uku, ɗaya a cikinsu mai sanin aikin katako, su zaga gidaje kafin ƙarshen Janairu. A fara da gidajen gwauraye, tsofaffi, naƙasassu da waɗanda suka dawo daga gudun hijira, har da maƙwabtanmu da ba ma sujada tare. A rubuta waɗanda ɗauri kawai suke bukata, da waɗanda sai an sake. Na farkon, matasa za su iya gamawa da gayyar Asabar ɗaya. Na biyun, a aiko mana da jerin tare da awon ɗakunan ta hannun ma'aikacinmu na yankinku, mu ga abin da za mu iya haɗawa da naku.

Ubangiji ya kai mu damina lafiya, ya tsare mana gidajenmu. Amin.