Ɗumin ɗaki da ruwan zafi lokacin ɗari

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu tana busowa daga hamada. Da asuba ruwan randa yakan yi sanyi ƙarara. Yara suna gudun wanka, tsofaffi suna neman wurin jin ɗumi. Kowane gida sai ya zaɓi hanyar ɗumama ɗaki da ta samun ruwan zafi.

Hanya ta farko ita ce itace. Murhun duwatsu uku ba ya cin kuɗi, amma yana cin itace da yawa, don iska tana kwashe zafin wuta. Kowane dami kuwa daga jikin itaciya ya fito. In itatuwa suka ƙare, rairayi ya rufe gonaki. Shi ya sa aka ƙera murhun ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi. Yana tsare wuta a gindin tukunya, ruwa ya yi zafi da itace kaɗan.

Hanya ta biyu ita ce gawayi a kasko. Yana ɗumama ɗaki sosai, amma yana da haɗari. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba. Ba a ganinta, ba a jin warinta. Wanda ya shaƙe ta yakan ji ciwon kai da jiri, ya yi barci, wani lokaci ba ya farkawa. Saboda haka ba a rufe ƙofa da taga in akwai garwashi a ɗaki. Kafin a kwanta, sai a fitar da kasko waje. In wani ya sume, a fitar da shi ya sha iska, a kai shi likita maza.

Hanya ta uku ita ce rana. A shekarar 1965 aka kafa ma'aikatar ONERSOL a Yamai don aiki da zafin rana. Malam Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, ya shugabance ta. Ta ƙera na'urar zafafa ruwa. Faranti ne baƙi a ƙarƙashin gilashi, da tiyo a jikinsa. Baƙin abu yana shan zafin rana. Ruwan da ya yi zafi ya fi mai sanyi rashin nauyi, sai ya hau cikin tanki, mai sanyi ya sauko. Sayenta da tsada, amma ba ta cin itace ko ɗaya. Sai dai a riƙa share ƙurar hunturu daga gilashin. Kuma ba ta ɗumama ɗaki da dare.

Kafin maigida da uwargida su zaɓa, suna duba abu uku: kuɗin da ke hannunsu, itatuwan garinsu, da lafiyar ƴaƴansu.

Tambayoyi
1. Don me ba a kwana da garwashi a ɗaki?
2. Mene ne ke sa ruwan zafi ya hau cikin tanki?
3. Da me ake zafafa ruwa a gidanku?