Kada Ku Goge Python Ɗin da Ya Zo da Ubuntu

Wani saƙo yana ta yawo a rukunonin WhatsApp na masu koyon rubuta manhaja, kuma na san da yawa cikin masu tura shi da zuciya ɗaya suke yi. Ga abin da yake cewa a taƙaice: in ka saka sabon Python amma taminal ya ci gaba da nuna maka tsohon, to tsohon ne ya tare hanya, ka goge shi da umarnin sudo apt remove python3, ko ka karkatar da /usr/bin/python3 ya koma kan sabon. Sannan ya ƙara da cewa kwamfuta ba ta ɗaukar Python biyu, sabo kullum ya fi tsoho, kuma in pip ya ƙi aiki ka haɗa masa da sudo.

Matsalar da saƙon ya taɓo gaskiya ce. Ɗalibi ya ƙona datarsa ya sauko da Python 3.12 saboda shi malami ya ce a yi aiki da shi, ya buga python3 --version, sai ya ga 3.10 na kallonsa. Dole ransa ya ɓaci, kuma duk wanda ya miƙo masa magani a lokacin zai karɓa. Ban ga laifinsa ba. Wanda nake jin haushinsa shi ne wanda ya rubuta saƙon, domin da ya gwada abin da ya rubuta ko sau ɗaya a kwamfutarsa, da bai tura wa kowa ba.

Abin da ke faruwa ba wani abin ɓoye ba ne. In ka buga sunan manhaja, taminal yana bin wani jerin foldoji da ake kira PATH, daga hagu zuwa dama, kuma na farkon da ya samu mai wannan sunan shi zai kunna. Buga echo $PATH ka ga jerin, ka buga type -a python3 ka ga duk inda sunan yake. Sabon da ka saka yana nan lafiya ƙalau. Ko dai foldarsa tana baya a jerin, ko kuma sunansa python3.12 ne ba python3 ba. In na biyun ne, kiran cikakken sunan kawai ya wadatar.

To, me ya sa goge tsohon ya zama ɓarna? Domin ba naka ba ne, na Ubuntu ne. Kowace fitowar Ubuntu an gina ta ne a kan Python guda: 20.04 a kan 3.8, 22.04 a kan 3.10, 24.04 a kan 3.12. Manhajar sabunta tsarin, da add-apt-repository, da katangar tsaro ta ufw, duk da shi suke aiki. In ka ce apt ya cire python3, zai haɗa da duk abin da ya dogara da shi, ciki har da manyan sassan fuskar kwamfutar da kake gani kana latsawa. Apt yana jero su, ya tambaye ka ko ka yarda, amma wanda aka riga aka gaya masa wannan ne magani ba zai tsaya karanta dogon jeri ba. Zai danna Y. Kamar zare azara ne daga rufin soro don kana son sabuwa, alhali ita ke riƙe da ɗakin. Girman ɓarnar ya danganta da abin da ke cikin kowace kwamfuta, amma wasu kan sake kunnawa su tarar da baƙin allo yana jiran umarni, babu ko alama ɗaya ta latsawa.

Shawara ta biyu, ta karkatar da /usr/bin/python3, ta fi yaudara, domin da farko sai ka ga kamar ta yi. Ka buga --version, ka ga sabon, ka yi murna. Sai daga baya kuskure ya fara fitowa cewa ba a ga apt_pkg ba, saboda wannan ɓangaren an harhaɗa shi ne don tsohon Python kaɗai, sabon bai san da shi ba. A Ubuntu 22.04 ma, abin da ke buɗe tagar taminal ɗin kanta ɗan rubutun Python ne, shi ya sa wasu suke rufe taminal ya ƙi sake buɗuwa. Ga mutumin da kwamfutarsa ɗaya ce, kuma a cikinta aikin kammala karatunsa yake, wannan ba ƙaramin tashin hankali ba ne.

Hanyar da ta dace ba ta taɓa na Ubuntu ko kaɗan. Shiga foldar aikinka, ka buga python3.12 -m venv wuri, sannan source wuri/bin/activate. Daga nan, muddin kana cikin wannan tagar, python na nufin 3.12, kuma duk abin da pip ya saka a cikin foldar zai zauna. Dalilin kuwa shi ne PATH ɗin da muka ambata: umarnin ya sa foldarka a gaban jerin. Wannan dabara tana cikin Python tun fitowar 3.3 a 2012. In Ubuntu ya ce babu venv, sai ka saka python3.12-venv. Mai juya ayyuka da yawa, kowanne da nasa Python ɗin, pyenv zai fi masa sauƙi, domin pyenv local yana ajiye zaɓin kowace folda a cikinta. Masu Windows kuwa suna da py: py -0 zai jero waɗanda ke akwai, py -3.12 ya kunna wanda kake so.

Sauran maganganun saƙon ba su da nauyi. Python biyu, ko biyar ma, suna zama a kwamfuta ɗaya ba tare da rikici ba. Sabo ba kullum ya fi ba, domin 3.12 ya cire distutils, kuma tsofaffin ayyukan da suka dogara da shi sukan tsaya. Batun sudo da pip kuma, shi ne dai cusa kaya cikin Python ɗin Ubuntu ta ƙofar baya, kuma tun Debian 12 da Ubuntu 23.04 tsarin da kansa yake hana shi. Abu ɗaya da zan ba saƙon gaskiya a kai, a batun sabo ya fi tsoho: Python 2 ya daina samun gyara tun 1 ga Janairun 2020, bai kamata a fara sabon aiki da shi ba. Amma 3.10 na Ubuntu 22.04 ba Python 2 ba ne.

Wanda ya riga ya bi shawarar, kada ya yi gaggawar kai kwamfutarsa a share komai, fayilolinsa suna nan. Ya danna Ctrl da Alt da F3 tare, ya shiga da sunansa da kalmar sirrinsa. In karkatarwa ya yi a 22.04, sudo ln -sf python3.10 /usr/bin/python3 zai mayar da shi inda yake. In gogewa ya yi, sudo apt install ubuntu-desktop zai dawo da mafi yawan abin da ya tafi, sai dai yana buƙatar intanet, kuma in haɗin Wi-Fi ya tafi tare da sauran, sai an nemi wayar intanet ta jonawa kai tsaye. Kafin duk wannan, ya fara kwafe aikinsa a filashi.