Ba takawa ke kashe mutum a turmutsutsi ba

Duk sanda aka yi turmutsutsi, zancen majalisa ɗaya ne: kwaɗayi ne, rashin haƙuri ne, tattake su aka yi. Haka aka riƙa faɗa a Disambar 2024, da yara 35 suka rasu a wajen wani biki a Ibadan, bayan kwana uku kuma mutum 22 a Okija da 10 a Maitama ta Abuja, wajen rabon abinci. Wannan magana tana ci mini rai. Tana ɗora wa mamaci laifi, kuma akasari ba haka ake mutuwar ba.

Matsi ne ke kisa, da yawa ma a tsaye suke cikawa. Ƙirjin mutum zugazugin maƙeri ne, sai ya buɗe iska ke shiga. Ka ɗora buhun masara a kan zugazugi ka gani ko zai hura wuta. Idan mutum shida ko bakwai suka cushe a murabba'in mita ɗaya, wato wurin da bai fi tabarmar salla ba, kowa ya zama buhu a ƙirjin ɗan'uwansa. A lokacin ba mai tafiya da ƙafarsa, taron ne ke kwasar mutum kamar ambaliya ta ɗauki kara. Ƙofa guda kuwa mazurari ce. Na baya yana ganin ana matsawa, sai ya ɗauka layi ne ke tafiya, bai san na gaba ne ke faɗuwa ba.

Saboda haka da ka ji ana taɓa ka ta kowane ɓangare, fara neman hanyar fita tun da sauran sarari. In ka makara, naɗe hannuwanka a gaban ƙirji kamar ɗan dambe. Kada ka yi ja-in-ja da taro, bi shi kana zamewa gefe sannu-sannu, ka nisanci bango da ƙyaure. Takalmi ko waya in ta faɗi, bar ta. Yaro kuwa ɗaga shi sama, goyo a baya haɗari ne a irin wannan wuri.

Amma mafi yawan aikin na mai kiran taro ne. Wanda ya yi shelar rabon shinkafa a wannan marra ya san dubbai za su zo tun asuba. Ya raba kati unguwa-unguwa, ya ware ƙofar shiga da ta fita, ya sa mai lasifika a wuri mai tudu da zai iya tsayar da na baya. Hukumar da ke ba da izinin taro ita ma ta je ta ƙirga ƙofofi kafin ta sa hannu.