Yis: Ƙaramar Halitta Mai Kumbura Ƙullu

A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, mai waina takan kwaɓa ƙullunta tun da dare. Ta zuba masa ɗan yis da sukari, ta rufe. Kafin asuba ƙullu ya taso har bakin roba. Haka mai fanke ke yi, haka masu gidan burodi. Mutane da yawa sun ɗauka yis wani garin magani ne kamar kanwa. Ba haka ba ne. Yis halitta ce mai rai. Yana ci, yana girma, yana haihuwa, yana mutuwa.

Ƙwayar yis ɗaya ta yi wa ido ƙanƙanta. Sai an jera wajen 200 kafin su kai tsawon milimita ɗaya, wato ƙaramin zane ɗaya na jikin rula. A 1680 wani mutumin ƙasar Holan, Liwanhuk, ya hango su da madubin ƙara girma da ya haɗa da kansa. Daga 1857 kuma Luwi Fasto na Faransa ya nuna cewa ƙananan halittu masu rai ne ke sa abu ya yi tsami ko ya taso.

Busasshen yis na cikin leda barci yake yi. Da ya sami ruwa mai ɗumi da sukari sai ya farka. Yana cin sukarin yana fitar da iska. Iskar nan ce ke maƙalewa cikin ƙullu ta kumbura shi, ita ce kuma ke barin ramukan da ake gani cikin waina. Shi ya sa lokacin hunturu ƙullu ke nawar tashi, don sanyi na kashe wa yis jiki. Wadda ta zuba masa ruwa mai ƙuna don ta yi sauri kuwa, ta kashe shi ke nan, ta yi asarar shinkafa da kuɗin niƙa. Ruwan da yatsa zai zauna a ciki ba tare da ƙuna ba, shi ne daidai. Gishiri mai yawa ma yana hana shi aiki.

A tsakiyar kowace ƙwayar yis akwai wani ɗan ƙunshi mai fatarsa daban, kamar yadda gwaiduwa take cikin ƙwai. Shi ne cibiyar ƙwaya. A nan ake ajiye ƙwayoyin gado, waɗanda ke tsara yadda halitta za ta kasance. A 1996 masana suka gama karanta na yis ɗin burodi, suka sami wajen 6,000. Jikin mutum da na saniya da na masara duk an gina su ne da ƙwayoyi masu irin wannan cibiya.

To, mene ne ke sa cibiya ta tsaya daidai wa daida, ba ta cika ƙwaya ba, ba ta kuma tsuke ba? Da an fi zaton yawan kayan gadon da ke ciki ne ke yanke mata girma, kamar yadda hatsi ke cika buhu. A 2007 Fol Nas, masani ɗan Ingila, da abokin aikinsa suka gwada wannan zato. Sun yi aiki da wani irin yis da aka fara samowa a 1893 daga giyar gero ta Afirka ta Gabas. Suka auna ƙananan ƙwayoyi da manya, har da waɗanda suka ninka wasu sau 35. Ko'ina amsa ɗaya ce: cibiya na cin kusan kashi 8 cikin 100 na ƙwaya. Suka ninka kayan gadon har sau 16, amma wannan kaɗai bai ƙara mata girma ba. Ashe girman ƙwaya take bi. A shekarar nan wasu masana suka auna yis ɗin burodi, suka sami kusan kashi 7.

Ta yaya cibiya ke sanin girman gidan da take ciki, alhali ba ta da ido? Binciken da aka buga a Amurka a 2022 ya ce sirrin yana ga ruwa. Duk wadda ta taɓa barbaɗa gishiri a kan yankakken tumatir ta ga yadda yake tsotso ruwa waje. Haka sinadaran da ke cikin cibiya ke janyo ruwa ciki, na wajenta kuma suna janyowa waje. Inda ƙarfin biyu ya zo ɗaya, nan cibiya ke tsayawa. In ƙwaya ta girma, sinadaran ciki da na waje suna ƙaruwa tare, don haka rabon ba ya canzawa.

Siffa kuma da fata take tafiya. Da wani irin kitse ake yin fatar cibiya. Da masana suka sa yis ya yi wannan kitse fiye da kima, sai fatar ta yi yawa, cibiya ta bar zama dunƙulalliya, ta fitar da wani reshe a gefe. Lokacin haihuwa ma tana canza siffa, amma da tsari. Uwa takan fitar da ɗan toho a jikinta. Cibiya ta miƙe, ta tsuke a tsakiya kamar kalangu, ta rabu biyu, rabi ga uwa rabi ga 'ya. In da abinci da ɗumi, ba ya kai awa biyu a sake wata haihuwar.

Wani zai ce, ina ruwan manomi da cibiyar yis? Akwai ruwansa. Idan ciwon daji ya kama jiki, cibiyar ƙwayoyin wurin takan kumbura, ta yi duhu, siffarta ta karkace. Likitoci sun daɗe suna gane cutar da wannan alama. Tun 1928 wani likita ɗan Girka mai aiki a Amurka, Joj Fafanikola, ya nuna cewa za a iya shafo ƙwayoyi daga bakin mahaifa a duba su. Da wannan gwaji ana kama sankarar bakin mahaifa tun ba ta yi ƙarfi ba. Dalilin da ya sa cibiya ke lalacewa haka shi ake ta nema, kuma yis na sauƙaƙa neman, don yana da arha, yana da saurin haihuwa, tsarinsa kuma ya yi kama da na mutum. Da yis Fol Nas ya gano yadda ƙwaya ke rabuwa, aikin da ya kai shi ga samun kyautar Nobel a 2001.

Sankarar bakin mahaifa ita ce ta biyu wajen yawa cikin ciwon dajin da ke kama mata a Nijeriya. A watan Oktoba na 2023 gwamnati ta fara allurar rigakafinta kyauta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Macen da ke ganin jini bayan saduwa, ko bayan al'ada ta ɗauke mata, kada ta tsaya jira ko jin nauyi. Ta je asibiti mafi kusa a duba ta, maigida kuma ya ba ta kuɗin mota.