Mene ne aikin masanin kimiyyar ƙasar noma?

Ka taɓa ganin manomin da ya zuba taki mai tsada a gonarsa, amma masara ta fito ɗorawa, ta ƙi tashi? Sau da yawa ba laifin takin ba ne, ƙasar ce ta gaji. Gano irin wannan gajiya shi ne aikinmu, mu masu binciken ƙasar noma.

Daga gona aikin yake farawa. Muna ɗibar ƙasa a wurare daban-daban, zurfin kamar santimita 20, mu shanya ta a inuwa, mu tankaɗe, sannan mu kai ɗakin gwaji. Can muke auna tsaminta, da sinadaran da shuka ke ci irin su naitirojin da fosfaras, da kuma yawan ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi da ke cikinta. Wannan na ƙarshen shi ne ke riƙe ruwa da abincin shuka. A gonaki da yawa na Arewa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Shi ya sa taki ke bin ruwa ya wuce, kuɗin manomi ya tafi a banza.

A Samarun Zariya akwai filin gwaji da aka fara tun 1950, inda ake kwatanta takin gargajiya da na zamani. Abin da ya nuna shi ne, takin zamani shi kaɗai, shekara da shekaru, yana ƙara wa ƙasa tsami, amma idan an haɗa shi da kashin shanu, ƙasar na daɗewa tana ba da amfani.

To, sakamakon da ya kwana a takarda bai amfani kowa ba. Don haka rabin aikin koyarwa ne: yadda ake ruɓar da taki a rami, dalilin barin bishiyar gawo a gona, da yadda ƙwayoyin halittar da ke saiwar wake da gyaɗa ke jawo naitirojin daga iska. Mu ma muna koya daga manoma, don sun riga mu sanin gawo.

In kana sha'awar fannin, ka riƙe kemistiri da bayoloji. Ana karanta shi a tsangayar aikin gona, kamar ta Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero. Sai dai ka shirya shan rana, kuma gwaji guda kan ci damina uku kafin ka iya cewa komai.