Inshorar Lafiya ga Soja da Iyalinsa: Misali daga Garwa da Arewacin Kamaru

Kalmar inshora aro ce daga Ingilishi, kuma akasarin Hausawa sun fara saninta ne ta hanyar takardun mota. Ma'anarta a fagen lafiya ita ce mutane da yawa su riƙa zuba kuɗi kaɗan-kaɗan a asusu ɗaya tun suna lafiya, domin duk wanda ciwo ya kama a biya masa magani daga ciki. Ɗalibi zai iya kwatanta ta da adashi, sai dai akwai bambanci. A adashi kowa yana da ranar kwasarsa. A inshora kuwa mai kwasa shi ne wanda rashin lafiya ya sama, kuma mutum yana iya shekara goma yana zubi bai ɗauki ko sisi ba.

Sha'anin soja ya fita daban, domin aikinsa da kansa shi ne haɗarin. Kamfanin da ke neman riba ba zai yi marmarin ɗaukar nauyin mutumin da ake turawa bakin daga ba. Saboda haka kusan ko'ina gwamnati ce ke ɗaukar wannan nauyi, ta ɗaya daga hanyoyi biyu: ko ta gina wa soja asibitinsa da likitocinsa, ko ta kafa asusun da zai biya kuɗin magani a duk asibitin da aka amince da shi.

Kamaru ta fi karkata ga hanya ta farko. Garwa ita ce hedkwatar yankin soja na uku, a nan kuma sansanin sojan sama mai lamba 301 yake, da asibitin soja na yankin. Da can wannan yanki ya haɗa arewacin ƙasar baki ɗaya. A 2014, da rikicin Boko Haram ya yi tsanani a garuruwan kan iyaka irin su Kolofata da Fotokol, aka yanke lardin Arewa Mai Nisa aka yi masa yanki na huɗu, da hedkwata a Marwa. Tsarin jinyar hawa-hawa ne. Sojan da ya ji rauni ana fara duba shi a ɗakin shan magani na bataliyarsa, daga nan a kai shi asibitin yanki, in abin ya fi ƙarfinsu a wuce da shi Yawunde. Asibitocin nan suna karɓar iyalan soja, har da farar hula da ke zuwa da kuɗinsu.

A nan ya kamata ɗalibi ya lura da wata ƙa'ida da dukkan tsarin ya dogara a kanta, wato rarrabe ciwon da aka samu a bakin aiki da wanda ba a bakin aiki aka same shi ba. Harbin bindiga ko tashin nakiya a lokacin sintiri nauyin gwamnati ne gaba ɗaya. Zazzaɓin cizon sauro da ya kama ɗan soja a bariki, ko haihuwar matarsa, wani babi ne daban. Dokar da firaministan Kamaru ya sa wa hannu a 2000 game da ma'aikatan gwamnati ta nuna yadda ake wannan rabo: ciwon bakin aiki ana biya duka, wanda ba na aiki ba gwamnati na ɗaukar kashi 60 cikin ɗari a asibitinta, kashi 30 a asibiti mai zaman kansa. Soja suna da nasu dokokin, amma tunanin iri ɗaya ne. Shi ya sa rahoton da kwamanda da likita ke rubutawa a kan yadda aka samu rauni yake da muhimmanci ƙwarai, don da shi ake kafa hujjar neman fanshon naƙasa bayan shekaru.

Asusun CNPS, wanda ma'aikatan kamfanoni suka sani, yana biyan fansho da kuɗin iyali da diyyar haɗarin aiki, ba ya biyan kuɗin maganin ciwon yau da kullum. A Kamaru kusan kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun majiyyata yake fita. Wannan ne ya sa matar soja a Garwa ko Ngaundere take amfana da shirye-shiryen da aka yi domin kowa. A 2015 aka fara shirin takardar haihuwa mai suna Chèque Santé a lardunan arewa uku: mai ciki ta biya sefa 6,000, a yi mata awo, a karɓi haihuwa ko da ta tiyata ce, a kula da ita da jariri har kwana 42. A watan Afrilu 2023 aka ƙaddamar da matakin farko na inshorar lafiya ta kowa da kowa a Mandjou, cikin lardin Gabas, inda aka mayar da kuɗin wankin ƙoda sefa 15,000 a shekara.

In aka tsallaka iyaka zuwa Nijeriya, sai a ga hanya ta biyu. A 2005 hukumar NHIS ta fara aiki, a 2022 sabuwar doka ta mayar da ita NHIA. Soja suna da kamfaninsu mai suna DHML, wanda ke tsakanin hukumar da asibitoci. Ana ba asibiti wani adadin kuɗi a kan kowane mutum da ya yi rajista da shi, ko ya zo ko bai zo ba, manyan ayyuka irin su tiyata kuma a biya su daban. Faransa tana da asusun soja na musamman a birnin Tulon tun 1949, Amurka kuma tana da TRICARE.

Inda ake samun tangarɗa a ƙasashenmu shi ne ma'anar kalmar iyali. A bakin Bahaushe ko Bafillace, iyali duk wanda ke ci daga tukunyarka ne: mata, 'ya'ya, tsohuwa, ƙane, ɗan riƙo. A takardar inshora ba haka ba ne. Tsarin ma'aikata na Nijeriya ya amince da mata ɗaya da 'ya'yan cikin mutum huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, saura sai an biya musu ƙari. A ganina wannan ma'auni ne da aka ɗauko daga wata al'umma aka ɗora wa wata. Kamaru ta yarda da auren mace fiye da ɗaya a dokance, amma auren da ofis ya sani shi ne wanda aka shigar a littafin jami'in rajista. Matar da aka ɗaura wa aure a ƙofar gida, da liman da waliyyai da goro, ba ta cikin fayil ɗin mijinta har sai an yi takarda. Haka ma yaron da ba shi da takardar haihuwa, kuma irinsu suna da yawa a arewa. In lokacin rajista ya wuce, sau da yawa sai an bi ta kotu, alhali uban da zai bi sawun maganar yana can Mora ko bakin tafkin Chadi.