Jinkirin Katin Girafik Ya Fi Amfanar Mai Saye A Kano

Matashin da ke tace bidiyon biki a shago kusa da Ƙofar Wambai, ko mai zana katin ɗaurin aure da fastocin 'yan siyasa a cikin Birni, da wuya ya san ranar da Intel ko AMD suka tsayar don fitar da sabon katin girafik. Amma duk sanda aka ɗage ranar saboda direban katin bai nuna ba, shi ne ya fi kowa cin moriya. Direba manhaja ce da ke tsaye tsakanin katin da Windows da manhajojin aiki irin su Premiere Pro, kamar tafinta. In tafintan ya yi tuntuɓe, sai hoto ya ƙame, allo ya yi baƙi, aikin yini guda ya bi ruwa, alhali katin lafiyarsa ƙalau.

Intel ta ɗanɗana wannan a 2022. Ta yi alkawarin katunanta na Arc tun farkon shekarar, amma ɗaya daga ƙananansu, A380, sai watan Yuni ya fito, a China kaɗai. A770 da A750 kuwa sai 12 ga Oktoba, a kan dala 329 da 289. Shugaban kamfanin na lokacin, Pat Gelsinger, ya amsa cewa sun zaci direbobin da suka daɗe suna yi wa girafik ɗin cikin furosesa za su wadatar, ashe ba haka ba ne. Duk da jinkirin, tsofaffin wasannin da aka gina kan DirectX 9 jan ƙafa suka riƙa yi, domin katin ba ya jin yarensu kai tsaye, sai an juya masa shi zuwa DirectX 12. Sabon direban watan Disamba ne ya fara warware matsalar, sannan a Fabrairun 2023 aka sauke farashin A750 zuwa dala 249. Wanda ya yi gaggawa ya biya da tsada, ya kuma samu kaya mafi rauni.

Masu ja da wannan magana suna da hujja mai ƙarfi. Sukan ce direba ba ya nuna a ɗakin gwaji, sai ya shiga dubban kwamfutoci iri-iri, masu su sun kai ƙorafi, an gyara. Gaskiya ne, kuma B580 da Intel ta fitar a Disamban 2024 ya samu karɓuwa ne da taimakon wahalar da masu A770 suka sha. To amma wa zai zama zakaran gwajin dafin? Mai saye a Amurka ko Jamus yana da garanti, yana iya mayar da kaya a ba shi kuɗinsa. Wanda ya sayo kati a Titin Beirut ko Farm Centre, galibi na hannu, da wuya ya samu wannan gata. Kowane direba ya kan haura megabait 500, kuɗin data ya tashi tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, ga wuta da kan ɗauke ana tsakiyar sauke shi.

Akwai kuma tarkon da ba kowa ke lura da shi ba. Katunan Arc ba sa sakin jiki sai kwamfuta tana da fasahar Resizable BAR, wato daga furosesar Intel zubi na 10 ko Ryzen 3000 zuwa sama. Tsofaffin Dell da HP na ofis da ake jibgowa nan sau da yawa sun girmi haka, kuma babu direban da zai mayar da su yara.

Kada a ɗauka ciwon baƙon kasuwa irin Intel ne kawai. Nvidia, da ta shekara fiye da 25 a harkar, ta saki RTX 50 a Janairun 2025, aka yi ta kukan baƙin allo, ta yi ta turo gyara a kan gyara. AMD, wadda RX 5700 XT ya taɓa jawo mata irin wannan kuka a 2019, ta riƙe RX 9070 har 6 ga Maris, duk da cewa katunan sun riga sun isa wasu shaguna, tana cewa sai ta ƙara gyara manhajar. Makonnin jinkirin sun ɓata wa 'yan gani-kashe-nin wasanni rai, amma ba su rage wa mai tace fim a Kano komai ba, tunda ko an fitar da katin a Janairu, ba a watan zai iso hannunsa ba.